Inusa Gambo da layin ruwan rijiya ta shida

Sunana Jibo. Shekara goma sha tara ke nan ina buɗe ruwa ina rufewa a Jiratawa. Rijiyar da nake kula da ita, ta shida, manomi sittin da huɗu ke shan ruwanta, kowa da lambar gonarsa, kowa da ranarsa. Layi yana zagayowa kan mutum bayan kwana takwas. Aikina in tada inji, in buɗe ƙofar kwata ta wanda layi ya zo kansa, in rufe idan awoyinsa sun cika.

A cikin shekarun nan na ga masu bayani iri-iri. Su zo da mota, su kafa allo a gindin bishiya, su yi mana jawabi a kan ruwa, a raba lemo, su tafi. Har yau ban ga albasar da jawabi ya jiƙa ba. Shi ya sa ranar da Inusa Gambo ya fara zuwa wurinmu ban yi murna da shi ba. Tun yana bisa kabu-kabu nake jiyo muryarsa, yana yi wa mai tuƙin bayanin yadda ya kamata a bi rairayi da babur.

Bagobiri ne, haifaffen Tibiri, ni kuwa Bakatsine, don haka da wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Bai ɓata lokaci ba. Yana sauka ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa mutanen da ke wurin ashe har yanzu ana ba Katsinawa amanar makulli. A lokacin ya ba shekara arba'in baya, gajere ne mai ɗan tumbi, tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya.

Tarihinsa ban tambaya ba, shi ya ba ni, a zama biyu. Ubansa tela ne a kasuwar Tibiri. Ya yi lakwal, wato boko, har ya kai ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, a Maraɗi, uban ya rasu, ya bar karatu don akwai ƙanne biyar. Ya samu zama a wani shagon buga takardu a Sabon Garin Maraɗi, inda ake kai takardar neman aiki da katin ɗaurin aure. Shekara goma sha huɗu ya yi a kujera ɗaya. Da injin buga rubutu na hannu ya fara, kafin mai shagon ya sayo tsohuwar kwamfuta. Wata rana linzamin kwamfutar ya mutu, mai shago ya yi wata uku yana cewa gobe zai sayo. A cikin wata ukun nan Inusa ya koyi yi mata magana da maɓallai kawai, har ya gano wani baƙin allo a cikinta wanda in ka rubuta masa kalma yake aikatawa nan take. Ya ce tun daga ranar bai ƙara sha'awar linzami ba. Sauran ya koya daga darussan da yake saukewa a wayar salula, yana karantawa tsakanin mai kawo takarda da mai zuwa karɓa. Babu wanda ya ba shi takardar shaida. Yanzu yana da ɗan shagonsa na gyaran kwamfuta, da mata ɗaya, Salima, da 'ya'ya huɗu. Uwar Saliman tana da gona a wurinmu, lamba tara. Ta nan aka san shi.

Wanda ya kira shi Maman Lawali ne, sabon shugaban ƙungiyarmu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya sayi gona, mutumin kirki, amma a birni ya tashi. Ya tarar ana gunaguni, wai masu kula da inji muna ba abokanmu ruwa ba a kan layi ba. Layin kuwa rabinsa yana cikin wani littafi da ruwa ya sha jiƙawa, rabinsa yana cikin kaina. Akwai wata kwamfutar hannu da wasu baƙi suka bar wa ƙungiya, gefen gilashinta ya tsage. Maman Lawali ya ce a zuba layin a cikinta, kowa ya huta da zargi. Na gane zargin nawa ne.

Mako uku Inusa ya yi yana zuwa kullum da safe, ya zauna a kan bulo a ɗakin inji, kwamfuta a cinya. Ranar farko ya yi mini bayanin da ban nema ba. Ya ce ba daga ƙasa zai fara ba, akwai wani tsari da wasu suka riga suka gina suka bar wa kowa kyauta. Shi tsarin ya iya jira, ya iya karanta abin da ka rubuta, ya gane wane umarni kake nufi, in ka manta ya tuna maka. Abin da bai sani ba shi ne aikinka. Ya nuna babbar kwatar siminti da ke fita daga rijiya, ya ce kamar ita ce, an riga an shimfiɗa, shi ƙofofi kawai zai fasa. Wannan na gane.

Sai ya tambaye ni abubuwa nawa nake yi a yini. Na ƙirga masa: in duba wa ke da ruwa yau, in buɗe, in rufe, in faɗa wa mutum ranarsa idan ya tambaya. Ya ce to kalma huɗu ke nan. Ya rubuta ‘yau’, ya rubuta ‘buɗe’, ya rubuta ‘rufe’, ya rubuta ‘layi’, ƙarƙashin kowace ya jera abin da za ta yi da yaren da ban sani ba. Ta biyar, ‘taimako’, ya ce da ita tsarin ya zo, sunanta kawai ya mayar Hausa.

Da ya kunna mini kwamfutar karon farko, sai da ta cika allo da rubutu. Ta yi sallama, ta yi maraba, ta faɗi sunan ƙungiya da sunan wanda ya gina ta, ta yi mini fatan alheri. Na ce masa ni da asuba nake zuwa, hannuna da laka, mutum yana tsaye a kaina da fartanya, ba zan karanta huɗuba ba. Na ƙara da cewa ta gaji ubanta. Ya yi dariya har tabarau ya zame. Washegari ya dawo, babu komai a allon sai sunan rijiya da ɗan ɗigo yana ƙiftawa yana jira.

Daga nan na fara dubansa da kyau. Bakinsa ba ya hutawa, amma na lura idan ya miƙo mini kwamfutar ba allo yake kallo ba, yatsana yake kallo. Da yatsa ɗaya nake bugawa. Duk inda yatsan ya tsaya yana neman hanya, sai ya karɓe ya gyara wurin. Ya sa in na buga harafi biyu na taɓa wani maɓalli a gefen hagu, ita ta ƙarasa kalmar. Ranar da na buga 170 maimakon 17 ta rikice ta mutu, bai ce na yi kuskure ba. Ya zauna ya koya mata ta ce babu gona mai wannan lamba, ta ci gaba da jira. Akwai wani jeri mai launi da ya kwana biyu yana ƙawatawa. Ya ga na matse ido a gabansa, don rana tana dukan gilashin, ya goge shi gaba ɗaya a gabana. Shi da kansa yakan buga mata shirme da gangan, wai yana so ta faɗi a hannunsa kafin ta faɗi a nawa. Na taɓa aiki da magina da makanikai. Wanda ke neman aibin aikinsa da kansa ba su da yawa.

Sau uku ya tambaye ni ko akwai wani abu da nake yi da ruwa wanda ban faɗa masa ba. Sau uku na ce babu.

Da ya gama aka yi taro. Aka kafa doka: ba a buɗe ruwa sai an rubuta a kwamfuta, ita kuwa ba ta karɓar gonar da layinta bai zo ba. Awoyin da ke cikinta dole su yi daidai da agogon inji. Mai kula da inji da ya rubuta ƙarya, a sallame shi. Kowa ya ɗaga hannu, har da ni. Wata biyar aka yi lafiya, gunaguni ya kwanta.

A watan Janairu Hamidu mai gona ta 41 ya rasu. Ya yi mako a asibiti, layinsa ya wuce babu wanda ya zo, albasarsa ta fara kwantawa. Ya bar matarsa Tsahara da yara ƙanana, kuma albasar nan ce abincinsu na shekara.

Akwai abin da muke yi a rijiya ta shida tun kafin in kama aiki. Idan manomi ya rasu, wanda layi ya fara faɗowa kansa washegarin jana'iza yakan bar ruwansa ya tafi gonar mamacin. Maƙwabta su yi ban ruwan. Bayan sadakar uku ni kuma in tsakuro daga awoyin mutum huɗu ko biyar, in mayar wa wanda ya bayar, ba wanda zai ji a jikinsa. Ba a roƙa, ba a godiya, ba a kuma faɗa. In aka faɗa ya zama gori, iyalan mamaci su ji an yi musu sadaka a bainar jama'a. Shi ya sa da Inusa ya tambaye ni ban kawo shi a raina ba. Ni a wurina wannan ba ya cikin aiki.

Layin farko na washegari na Tanimu ne, mai gona ta 17, wanda tattasansa ke fure. A maƙabarta ya matso kusa da ni, ya ce shi gobe yana gidan Hamidu yini guda. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ya isa.

Da safe na tada inji na zauna gaban kwamfuta. Ta ƙi karɓar 41. Agogon inji yana tafiya, maƙwabtan Hamidu suna tsaye a bakin kwata. A ƙarshe na rubuta 17, ta karɓa, na fita na buɗe ƙofar 41. Na ce a raina bayan kwana uku zan san yadda zan yi da Tanimu. A daren na biyu zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwana shida ban san inda kaina yake ba.

Abdulrazak, wanda muke karɓa-karɓa da shi, ya riƙe rijiyar. Tanimu ya zo neman ruwansa. Kwamfuta ta ce 17 ta sha. Abdulrazak ya san gaskiyar, amma shi ma da iyali, kuma shi ma ya ɗaga hannu a taro. Ban ga laifinsa ba. Tattasai ya yi kwana goma sha shida ba ruwa, furen ya zube, kunya uku na gefen gabas suka bushe ƙurmus. Tanimu ya kai ƙara, ba a kan ruwan da ya bayar ba, a kan wanda ba a mayar masa ba. Maman Lawali ya duba ya ga an rubuta 17 an shayar da 41. Aka sa taro ranar Asabar bayan la'asar. Kowa ya san abin da doka ta ce.

Shekarata hamsin da takwas, ba ni da gona, ban iya wata sana'a ba. Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. A ce bayan shekara goma sha tara an kori Jibo don ya rubuta ƙarya, kuma ba sharri aka yi masa ba.

Ban kira Inusa ba. Surukarsa ce ta aika masa. Ranar Juma'a da hantsi sai ga shi a ɗakin inji, ba wasa, ba tsokana. Ya tambaye ni abin da ya faru, na ce na yi wa kwamfutar ƙarya, shi ke nan. Ya ce me ya sa. Na gaya masa al'adar a taƙaice. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Sa'an nan ya buɗe kwamfutar ya yi ta duba wani abu, ya rufe, ya tafi masallaci. Ranar ce kaɗai na ga ya yi awa guda bai yi jimla goma ba.

A taron Maman Lawali ya karanta doka, ya karanta abin da aka rubuta, ya tambaye ni ko ni na rubuta. Na ce ni ne. Ya ce ko ina da abin faɗa. Ƙanin Tsahara yana zaune a gaba, shi ke wakiltar gonar. Na ce ba ni da shi. Tanimu ya yi magana mai zafi a kan tattasansa, amma ko sau ɗaya bai ambaci inda ruwansa ya tafi ba. Tsofaffin wurin duk suka sunkuyar da kai.

Sai Inusa ya nemi izini. Ya juya allon wajen jama'a, ya ce shi tsarin da ya gina a kai yana ajiye duk abin da aka buga masa, har wanda ya ƙi karɓa, shi kuma ya sa yana ajiyewa da lokaci. Ni ban san da wannan ba. Ya karanta a hankali. Ƙarfe shida da minti huɗu, buɗe 41, ta ce ba layinta ba ne. Da minti biyar, buɗe 41. Da minti bakwai, haka. Da minti takwas, haka. Sa'an nan ‘taimako’. Daga nan minti goma sha ɗaya ba a taɓa komai ba. Sai buɗe 17.

“Sau huɗu mutumin ga ya gaya mata gaskiya ta ƙi,” in ji shi. “Ya nemi taimako, ta jero masa kalma huɗu da ni na ba ta. Ni na gina ta ba inda za a sa wanga abu. In kora ce, shugaba, a fara da ni.”

Maman Lawali ya ce, “Kai da ba mu ɗauka aiki ba, daga ina za mu kore ka?”

Aka yi dariya kaɗan. Maman Lawali ya sake tambaya, to me ya kai ruwan gona ta 41 tun farko. Ya dubi ranar da ke allon, ya dubi ƙanin Tsahara, na ga fuskarsa ta sauya. Bai ƙara tambaya ba, kuma na riƙe masa wannan. Abin da ya ce kawai shi ne me ya hana in gaya wa mai ginin tun yana ginawa.

“Sau uku na tambaye shi,” in ji Inusa. “Bakatsine ne, ranka ya daɗe. Ko rijiyar ga ta fi shi sakin abin da ke cikinta.”

Maman Lawali bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce duk da haka an rubuta abin da ba shi ne ba, kuma wani ya yi asara. Gaskiya ya faɗa. Ya juya ga Tanimu ya ce shi aka cuta, me yake so. Tanimu ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Ya ce korar Jibo ba za ta mayar da fure ba. Yana da sauran iri a gandun reno, yana son hannu biyu na safiya huɗu su sake dasa masa kunya ukun nan. Aka tsaya a haka, tare da gargaɗi a rubuce, wanda na sa wa hannu.

Ran Litinin Inusa ya dawo da kalma ta shida, ‘ara’. Ka rubuta ara, lambar mai bayarwa, lambar mai karɓa. Ita da kanta take tsakuro mintoci daga masu bi ta mayar wa mai bayarwa a rana ta huɗu, yadda nake yi da ka. Sai da ya zaunar da ni na faɗa masa dalla-dalla daga wa ake ragewa, daga wa ba a ragewa: ba a taɓa mai sabon dashe, ba a taɓa na ƙarshen kwata da ruwa ke isa gare shi a gajiye. Na yi magana a ranar fiye da yadda na yi a wata guda.

Da na gwada, sai ta tambaye ni dalili. Na ture masa kwamfutar na ce ya cire. Ya ce shugaba zai so ya san abin da ya sa, in ba haka ba gobe wani ya ari layi ya sayar. Muka yi ta ja. Na ce a rubuta wa ya bayar, wa ya karɓa, da rana, duk mai son dalili ya dubi ranar ya tuna wa aka binne. Amma ba za a ajiye a cikin inji cewa an taimaki matar wane ba, yaranta su girma su tarar. Ya ce bari ya je ya gaya wa Maman Lawali da bakinsa, don kada ya zama an ɓoye. Ya hau kabu-kabu ya je Maraɗi, inda shugaban yake zaune, ya dawo a yinin. Ya goge tambayar, ya sa sharaɗi ɗaya a madadinta, sai mai bayarwa ya tabbatar wa shugaba cikin mako cewa da yardarsa ne.

Safiya huɗun na yi su a gonar Tanimu, bayana bai gode mini ba. A ta biyu Inusa ya zo ya naɗe wando ya shiga laka, ba wanda ya sa shi. Dashensa duk a karkace, rabi sai da na bi na gyara. Tattasan ya yi, amma a makare, bai kai rabin na bara ba, kuma Tanimu bai fasa tuna mini ba har yau. Albasar Tsahara ta tashi.

Inusa yana nan a shagonsa na Sabon Gari. Rijiya biyu na kusa da mu sun karɓi irin aikinsa, kowace sai da ya je ya zauna mako biyu a ɗakin injinta kafin ya taɓa komai. Ni kuma makulli yana hannuna. A watan Maris na bana aka yi rasuwa a gona ta 30, layin washegari ya faɗo kan Maman Lawali. Ya same ni a bakin maƙabarta, ya gyara hula, ya ce shi gobe yana da uzuri a Maraɗi, ba zai samu zuwa ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya.